Sharhin Littafi: Ayaba shida, an ci ɗaya, saura nawa?

Mai karatu, a wannan watan mun ajiye littattafan soyayya a gefe. Za mu duba wani ɗan littafi ne wanda ba kai aka rubuta wa ba, an yi shi ne domin ɗan ka ko ƙanwar ka da ba ta wuce shekara huɗu ba. Sunan sa 'Baby Goes to Market', na Atinuke, 'yar Nijeriya haifaffiyar Ibadan. Angela Brooksbank ce ta zana hotunan, kamfanin Walker Books na Landan ya buga shi a 2017.

Labarin gajere ne. Wata uwa ce ta shiga kasuwa a ƙasar Yarabawa da goyon ta a baya da kwando a ka. Yaron ya na da shiga rai, don haka duk inda su ka bi sai masu kaya su miƙa masa kyauta ba tare da uwar ta sani ba. Aka ba shi ayaba shida, ya ci ɗaya, ya jefa biyar a kwando. Haka ya yi da lemo biyar, da cincin huɗu, da gasasshiyar masara uku, da ɓarin kwakwa biyu. Kwando ya na ta ƙara nauyi, ita kuwa ta na ta cinikin ta. Daga ƙarshe ma har tausayin sa ta ke ji, wai bai ci komai ba tun da su ka fito!

To, a nan gwanintar ta ke. Yawancin littattafan ƙirga da a ke saya wa yaran mu jeri ne kawai: lamba a hagu, hoton tuffa a dama. Yaro zai haddace su kamar aku, amma ka zuba masa gyaɗa huɗu a tafi ka ce nawa ce, sai ya yi zuru. Atinuke ta sa lissafin a cikin labarin. Yaron da a ke karanta wa ya san sirrin da uwar ba ta sani ba, don haka da kan sa zai sa yatsa ya ƙirga abin da ya shiga kwandon. Ya fara koyon ɗebewa ke nan, alhali shi a ganin sa dariya kawai ya ke yi.

Sai dai littafin ya na da nasa rauni. Ƙirgen daga shida ya faro ya na gangarowa, wanda kuwa bai iya hawa ba ina zai iya sauka? Ga ɗan fari a ƙirga, 'The Very Hungry Caterpillar' na Eric Carle, wanda ya fito a Amurka a 1969, ya fi dacewa: tsutsa ta ci tuffa ɗaya ran Litinin, adadin ya na ƙaruwa kullum har lemo biyar ran Juma'a, kuma an huda shafukan yadda yaro zai zura yatsa a kowane rami. Sannan hotunan kasuwar Brooksbank, duk da kyan su, sun cika maƙil da mutane da atamfofi, idon ƙaramin yaro zai iya shagala ya bar ayabar.

Babbar matsalar dai ita ce duka biyun da Turanci a ka rubuta su. Marubutan mu su na iya cika littafi na ɗaya, na biyu, har na uku a kan kishiya, amma shafi ashirin da huɗu na ɗaya zuwa goma ya zama aiki. Alhali ga kasuwar Kurmi, ga ƙosai, ga goro, ga awaki. 'Magana Jari Ce' ta Abubakar Imam sai wanda ya riga ya iya karatu. Shi kuwa ɗan shekara ukun da ka ke fatan gobe ya sayi littafin ka, me ka tanadar masa yau? Icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi.