Sharhi a Kan Littattafan Shirin Jarrabawar IELTS

Jarrabawar IELTS, wadda aka soma a shekarar 1989, ita ce ƙofar da ɗalibai da ma'aikatan jinya da yawa kan bi kafin su sami gurbin karatu ko aiki a Ingila da Ostareliya. Kashi huɗu gare ta, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma iyakar makinta 9. Da yake kuɗin zamanta da tsada, sakamakonta kuma shekara 2 kawai aka saba karɓarsa, littattafan shirinta sun yi kasuwa ƙwarai.

Ba a musun amfanin waɗannan littattafai. Sukan nuna wa ɗalibi fasalin tambayoyi, su koya masa rabon lokaci, alal misali yadda zai rubuta kalma 250 cikin minti 40. Babban aibin yawancinsu shi ne ba su kula da harshen da ɗalibi ya tashi da shi ba: darasin da aka ba Balarabe da ɗan Sin, shi aka ba Bahaushe. Alhali kuwa tun 1957 Robert Lado ya bayyana a littafinsa Linguistics Across Cultures cewa mai koyon harshe ya fi tuntuɓe a inda harshensa ya saɓa da wanda yake koyo. Masana sun rage wa wannan ra'ayi ƙarfi daga baya, musamman ta fannin nahawu, amma ta fannin furuci da wuya a ture shi.

Kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi sun isa shaida. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, shi ya sa aka sami fasinja da firamare. Ba ta da /v/, sai aka sami direba. Gaɓarta ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai aka sami buroshi. To, a sashen sauraro sau ɗaya tak ake jin magana, kuma kuskuren harafi guda yana kashe amsa. Ke nan wanda kunnensa ya saba da tsarin sautin Hausa zai yi hasarar maki a wurin da littafin bai ko ambata ba.

Maganin wannan giɓi yana hannun sassan Hausa da na Ingilishi a jami'o'in ƙasar Hausa. Ya kamata su haɗa kai su fitar da ɗan littafi mai kwatanta sautukan harsunan biyu, tare da muryoyin gwaji, wanda ɗalibi zai gama kafin ya buɗe tsofaffin tambayoyi.