Sarkin Da Ba Ya Barci

Jama'a, mu mazauna Alekzandiriya, tsakaninmu da birnin Washintan kogin Fotomak kaɗai ne. A can, cikin babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa, an rataye surar Nafoliyon, Sarkin Faransa, wadda Jacques-Louis David ya zana a 1812. Mun je mun dube ta, ga abin da muka gani.

Ba kambi a kansa, ba gadon sarauta, ba dogari ko guda. Yana tsaye cikin ɗakin aikinsa da kayan soja, hannun dama cikin ƙirjin riga. Agogon bango ya nuna ƙarfe 4 da minti 13. Kyandir ya kusa ƙarewa, watau asuba ce. A kan tebur ga takardun dokokin da ya kafa wa Faransa a 1804, takobi kuwa yana ajiye bisa kujera. Mai zanen yana ce mana: ga sarkin da ya kwana yana aiki domin talakawa su yi barci.

Gwaninta kam akwai ta, ba mu musu. Amma samari, ku lura, wannan kirari ne da fenti. Yadda maroƙi ke zaɓen abin da zai faɗa gaban fada, haka David ya zaɓi abin da zai nuna. A shekarar nan ta 1812 Nafoliyon ya kai yaƙi Rasha, yawancin rundunarsa ba ta komo gida ba. Wannan kuwa babu alamarsa a bango. Kyan ɗan maciji ke nan.

To, dattawanmu sun san wata hanya dabam. Dubi hotunan Sarkin Katsina Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ko na Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Rawani, alkyabba, sandar girma, sa'an nan natsuwa. A Kano rawanin gidan sarauta har kunne biyu gare shi, sarki kuma kan ja amawali ya rufe baki. Bature ya nuna iko da bayyana wahalar sarki, mu kuwa da suturta shi muke nuna kwarjini. Namu ya fi kunya, amma shi ma bai faɗi yadda talaka ya kwana ba.

Dalilin wannan magana shi ne, mu ma muna rataye hotunan sarakunan zango a zaurukanmu, 'ya'yanmu da aka haifa nan Amurka kuwa daga hoton za su fara sanin su. Idan yaro ya tambaya, kada mu tsaya kan girman rawani. Mu gaya masa rigimar da mai hoton ya kashe, da baƙon da ya saukar, da marayan da ya riƙe. In babu abin faɗi, to, hoton bai cancanci ƙusa ba.

Allah Ya ba mu shugabanni na gari, amin.