Gwani a Ƙaramin Fage: Sharhi a Kan Wasan Super Mario Land

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga watan Afrilu na shekarar 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wata na'urar wasa ta riƙewa a hannu mai suna Game Boy, tare da wasanni huɗu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Super Mario Land, wanda aka sayar da kwafinsa fiye da miliyan 18. Duk da wannan karɓuwa, masu sharhi da yawa sun ɗauke shi a matsayin ƙanen Super Mario Bros. na 1985 wanda bai kai wansa ba, suna kukan gajartarsa da ƙanƙantar surorinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa an auna wasan da mudun da ba nasa ba. Za mu dubi na'urar da aka yi shi dominta, sannan mu bi jigonsa da zubinsa da salonsa, kafin mu zo ga abin da ya bari a bayansa.

2.0 Fagen da Aka Yi Wasan

Ba Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ne ya shirya wannan wasa ba. Aikin ya faɗa hannun sashen da ya ƙera na'urar ita kanta, ƙarƙashin jagorancin Gunpei Yokoi, Satoru Okada kuma ya ba da umarni. Yokoi mutum ne da ya yi imani da a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, ta yi araha, a nemo mata sabon amfani. Saboda haka allon Game Boy bai da launi, sai duhu da haske hawa huɗu a kan fuska mai ruwan kore-kore. Faɗinsa ɗigo 160 ne, tsayinsa ɗigo 144, ba ya da fitila a ciki, kuma idan abu ya gifta da sauri sai surarsa ta ɗan dushe. Ribar wannan tsimi ita ce batir huɗu su ɗauki mutum awoyi masu yawa, alhali Game Gear ta kamfanin Sega, mai launi, takan cinye shida cikin 'yan awoyi kaɗan.

To, a kan wannan ɗan allo aka ce a zuba wasan da aka saba gani a akwatin talabijin mai launi. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai yi wa aikin adalci ba.

3.0 Jigo

Jigon wasan bai da wani zurfi. Wata halitta daga sararin samaniya mai suna Tatanga ta mamaye ƙasar Sarasaland, ta sace gimbiya Daisy, Mario kuwa ya tashi ceto. Ƙasar ta kasu masarautu huɗu. Birabuto ta ɗauko kamannin tsohuwar Masar da dalolinta, Muda ƙasar ruwa ce, Easton ta ari manyan kawunan duwatsun nan na tsibirin Ista, Chai kuma ta yi kama da ƙasar Sin ta dā. A ƙarshen kowace masarauta daga cikin ukun farko Mario yakan tarar da wata mai kamar Daisy, sai ta rikiɗe ta zama dodo ta tsere. Wannan maimaici shi ne kaɗai zaren da ya ɗaure labarin, amma ya isa ya sa mai wasa ya ci gaba.

4.0 Zubi da Tsari

Wasan yana da zango 12, uku a kowace masarauta, alhali wansa na 1985 yana da 32. Ba shi da hanyar ajiye inda aka tsaya. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya gama shi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. A nan ne masu suka suka fi kafa hujja, a nan ne kuma muke ganin sun kauce. Na'urar hannu ta mai tafiya ce, wanda ke cikin jirgin ƙasa ko yake jiran wani abu, kuma zai iya kashe ta a kowane lokaci. Wasan da ba a iya ajiye shi, in ya yi tsawo, ya zama azaba ga irin wannan mutum. Ashe ke nan gajartar daidai ruwa ce daidai tsaki. Bugu da ƙari, wanda ya gama wasan sau ɗaya za a sake buɗe masa shi da ƙarin abokan gaba, don haka tsawonsa na gaskiya yana cikin komawa.

Akwai hikima kuma a yadda zango yake ƙarewa. A zangon da ba dodo, ƙofa biyu ce, ta ƙasa da ta sama. Ta ƙasa ba wuya, kowa zai shige. Ta sama sai an tattaka wasu matakai masu motsi ko masu ruftawa, ladanta kuwa ɗan wasan sa'a ne na tsani inda ake samun ƙarin rai ko fure. Da wannan ƙaramar dabara aka ba sabon shiga hanyarsa, aka ba gwani tasa, a zango ɗaya. Sannan a zangon ƙarshe na Muda da na Chai an ajiye tsalle-tsalle gaba ɗaya: Mario ya shiga jirgin ƙarƙashin ruwa a na farko, jirgin sama a na biyu, yana harbi yana kauce wa hari. Wannan sauyi yana zuwa ne daidai lokacin da ido ya fara gajiya da abu ɗaya.

5.0 Salo

A salo ne gwanintar masu aikin ta fi fitowa. Alal misali, a wasan 1985 launi ne ke bambanta laimar kwaɗin da ke ƙara wa Mario girma da wadda ke ba shi ƙarin rai. A allon da ba launi, su biyun za su zama abu ɗaya. Sai aka mai da alamar ƙarin rai ta zama hoton zuciya, wadda ido zai gane ko a ɗan ɗigo. Haka nan kunkuru: a can ana taka shi a shuri ƙoƙonsa ya tafi yana share abokan gaba, abin da ke bukatar fili. A nan in an taka shi sai ya fashe kamar nakiya bayan ɗan lokaci, watau mai wasa ya taka ya yi maza ya ba da wuri. Furen wuta ma ya sauya. Ƙwallo yake bayarwa, wadda ke dukan ƙasa ta tashi a karkace, ta yi ta karo da bango, har ta kwaso sulallan da hannu ba ya kaiwa. Da yake ɗaya tak ake iya jefawa a lokaci guda, dole mutum ya auna kafin ya saki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

An ƙanƙantar da Mario ne don mai wasa ya hango abin da ke gabansa, aka kuma bar bayan fage kusan fari, da 'yan layuka kawai, don kada dushewar allo ta ɓoye haɗari. Abin da ido ya rasa sai kunne ya samu, domin kiɗan da Hirokazu Tanaka ya tsara shi ne ya ba kowace masarauta ɗanɗanonta. Har a 1992 wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Ambassadors of Funk ta gina waƙa a kan wannan kiɗa, ta shiga sahun goma na farko a Ingila.

6.0 Inda Aka Gaza

Ba za mu rufe ido ga aibi ba. Motsin Mario a nan bai da laushin nan da aka san shi da shi. Yakan faɗo kamar dutse, kuma sau da yawa mutum yakan rasa rai ba da laifinsa ba. Manyan dodanni na masarautu ukun farko ba su da kwarjini, tun da ana iya wuce su a taɓa maɓallin da ke bayansu. Abu na uku ya fi waɗannan nauyi a wurinmu: Masar da Sin da tsibirin Ista an ɗauko su ne a matsayin ado kurum. Dala da kawunan duwatsu, waɗanda ke da tarihi da ma'ana a wurin masu su, sun zama abin takawa a wuce. Manazarcin al'ada ba zai ƙi lura da wannan ba.

7.0 Abin da Ya Bari

A Amurka Tetris aka haɗa da na'urar wajen sayarwa, amma Super Mario Land ne ya tabbatar da cewa wasan gudu da tsalle zai iya rayuwa a tafin hannu. A 1992 aka fitar da na biyunsa, mai manyan surori da taswira da hanyar ajiya, a cikinsa ne kuma Wario ya fara bayyana, har ya gaje jerin a 1994. Daisy ta daɗe a gefe kafin ta dawo sosai a Mario Tennis na 2000. An sake fitar da wasan a na'urar 3DS a 2011, sannan a Switch a 2024. Yokoi bai ga wannan ba, domin ya rasu a haɗarin mota a 1997.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa kusan duk abin da ya bambanta wannan wasa da wansa amsa ce ga wata matsala ta na'urar. Da masu aikin sun nace sai sun kwafo na talabijin kamar yadda yake, da sun fito da abin da ba ya ganuwa, ba ya kuma bugawa. Hausawa sun ce kowa ya daka ta rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Saboda haka tambayar da ta kamata mai sharhi ya fara yi ita ce: me aka ba mai aikin, me kuma ya yi da shi? In aka yi wannan tambaya, Super Mario Land zai fita kunya, da aibinsa da komai.