Bushin ƙafar mota a garejojin Jos: nazari kan aikin hannu

Direban da ke sauka Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga ya san darajar ƙafar mota. Idan ya taka birki sitiyari ya fizge gefe, ko ya ji "ƙwal-ƙwal" a kowane rami, bakanike zai leƙa ƙarƙashi ya ce, "Oga, bushin am ne ya tafi." Am shi ne ƙarfen da ke haɗa taya da gangar jikin mota, bushin kuwa robar da ke zaune a bakinsa tana shanye girgiza.

Daga nan zaɓi uku ne gaban mai mota. Ko ya shiga Dilimi ya sayo am ɗin Beljiyam sukutum, wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai da bushinsa a jiki. Ko ya sayi sabon bushin kwali, galibi ɗan China, a cusa masa a tsohon am. Ko kuma a yanko masa daga tsohuwar tayar babbar mota. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, mutane da dama sun koma na biyu da na uku.

Muhawarar da ake yi a garejojin Farin Gada kusan kullum ɗaya ce: orijina ne ko jabu? A ganina an fi zargin roba fiye da hannun da ya ɗaura ta, alhali hannun ne yake kashe bushin da yawa tun kafin motar ta bar gareji.

Bushin am ba ya juyawa a kan ƙusarsa. Roba ce aka manne tsakanin bututun ƙarfe biyu, na ciki da na waje, kuma idan taya ta hau ko ta sauka robar ce ke murɗewa ta dawo. To, abin da aka saba shi ne a ɗaga mota kan jak, ƙafa na reto, yaron gareji ya sa sifana ya ƙara mata bututu ya ɗaure notin iya ƙarfinsa. Da an sauke motar, am ya tashi zuwa mazauninsa, robar ta murɗe ta zauna a haka ko da motar na ajiye. Kowane rami kuma ƙari ne a kan murɗar da ke nan. Ba a jima ba sai ta tsage, a ce ai kayan yanzu ba su da aminci. Ƙa'idar ita ce a bar notin sako-sako, a sauke mota nauyinta ya hau tayoyi, sannan a ɗaure. Wannan yana buƙatar ramin gyara ko a ɗora tayoyin kan tudu, shi ya sa mai aiki a gefen titi yake tsallake shi.

Cire tsohon ma da nasa ɓarnar. Inda babu injin matsa, wuta ake sa wa robar ta ƙone, a sare bututun waje da kurfi, a dunƙula sabon da guduma. Zafi yana iya raunana ƙarfen, balle idan am ɗin na alminiyam ne, guduma kuma tana buɗa ramin har bushin ya riƙa wasa a ciki. Wasu bushin ɗin suna da huda a jikin robar, da fuskar da ya kamata su kalla. Bakaniken da ya san aikinsa yakan yi alama a jikin am kafin ya fitar da tsohon.

Bushin taya fa? Ba na cikin masu raina shi. Mai yankansa da wuƙa da ƙarfen huda gwani ne, kuma zamanin Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da motocin a-kori-kura ya koya wa mutane amincewa da shi. A kan shokozoba ko sandar daidaito yana iya aiki. A am kuwa labari ya bambanta, domin ba a manne yake da ƙarfe ba: ƙusa ce ke gogarsa tana ci, taurinsa kuma yana miƙa dukan hanya ga boljoyin da gangar mota. Direbobin Vectra da Sharon masu lodi suna sonsa saboda araha ne kuma ba ya saurin yagewa, ko da yake tayoyin da ke cinyewa gefe ɗaya su ma kuɗi ne.

Sauran abu biyu da ake yawan mantawa: baƙin man da ke ɗiga daga inji yana laushe robar, don haka a toshe yoyon tukuna. Sannan duk wanda aka taɓa wa am ya wuce wajen masu saitin ƙafa, domin sabon bushin yana sauya tsayuwar taya ko da ido bai gani ba.