Jinjina Ga Akawun Ofishin Lauya

A yawancin ofisoshin lauyoyi na Amurka lokaci ake sayarwa, kuma minti shida-shida ake yanka shi, awa ɗaya kashi goma. Lauya ya yi waya ta minti 12, sai ya rubuta 0.2. Manhaja irin su Clio, wadda aka kafa a Kanada a 2008, ita ke tattara waɗannan gutsattsarin, amma akawu ne ke tantance su.

Ƙarshen wata zai zauna ya fitar da rahoton aikin da ba a caji kuɗinsa ba tukuna, da na basussukan da suka kwana 30, 60 ko 90. Layi-layi yake bi. In ya ga an shigar da awa uku sau biyu kan shari'a ɗaya, sai ya je wurin lauyan cikin ladabi a goge ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne rahoton kuɗin amana, wanda abokin hulɗa ya ajiye a hannun lauyansa. An hana cakuɗa shi da kuɗin ofis, kuma dole ya yi daidai da takardar banki, ko sisi kada ya ɓace. Akawu ba ya tashi sai lissafin ya daidaita.