Jinjina ga Dillalan Teburin Ƙwallo a Kawo

Dillalan kayan gwanjo na Kawo sun cancanci yabo, musamman masu ido kan tsohon teburin ƙwallon da ake murzawa da sanduna. Tun 1923 aka yi wa wasan rajista a Ingila, kuma kowane kamfani da hannunsa. Gwanin dillali kan duba tambari, ya jinjina nauyin katako, ya murza sanda ya ga ko ta lanƙwashe. 'Yan wasan alminiyam na nuna ƙirar Bonzini ta Faransa. 'Yan wasa uku a sandar gola kuwa salon Tornado ne na Amurka. Da wannan sani suke yanke farashi, mai saye bai cutu ba, mai sayarwa bai faɗi ba. Allah ya ƙara basira.