Sharhi A Kan Siyasar Takin Zamani A Ƙasar Aliero, Jega Da Maiyama

Idan muka dubi shirye-shiryen noma da gwamnatocin Nijeriya suka ƙaddamar, tun daga shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shugaba Shagari a 1980, har zuwa shirin bashin manoman shinkafa da Shugaba Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi a 2015, za mu tarar mudu ɗaya ake auna su da shi, watau buhu nawa aka raba, buhu nawa aka girbe. A ganinmu wannan mudu ya gaza, domin ba ya tambayar halin da aka bar gonar a ciki.

Dalilin haka na siyasa ne. Buhun taki abu ne da ake ɗauka a kai, a gan shi a bakin kasuwar Jega, a san hannun da ya bayar kafin ranar zaɓe. Kashin shanu kuwa, wanda ke mayar wa fadama ƙarfinta, ba wanda zai tara jama'a ya raba shi. Samunsa ya rataya ne a kan zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, da kuma tsare burtali daga masu cinye shi da garma. Wannan aiki ne na shekaru, yana kuma jawo wa mai mulki baƙin jini, shi ya sa ake kauce masa.

Sa'an nan ga batun albasa, wadda ita ce sunan Aliero. Manomin albasa ya iya nomansa tun kaka da kakanni. Asararsa tana zuwa ne bayan girbi, lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, abin da ya zuba a rudu kuma ya shiga ruɓewa. Shirin 2015 ya karkata ga shinkafa, wadda ambaliyar 2020 ta nuna mana kasadar dogara gare ta ita kaɗai.

Wasu abokan aikinmu za su ce injin ban ruwa ya fid da manomi daga wahalar jigo. Haka ne, ba mu musa ba. Amma ya ɗaure shi ga fetur, kuma da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, kuɗin shayar da kadada ɗaya ya tashi tun kafin a dasa iri. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana tsakiyar waɗannan gonaki, don haka muna ganin ita ya kamata a ɗora wa auna ƙasar fadama da zurfin ruwan rijiyoyinta kowace rani, a kuma buga sakamakon da Hausa.